Yadda Za Ka Duba Gidan Haya Kafin Ka Biya, Kar Ya Zama Kana Biyan Mai Gida Kana Biyan Kemis

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Kano ya san yadda abin yake tafiya, dillali ya ɗauke ka a bayan mashin ko ku shiga adaidaita kai za ka biya, ya karɓi kuɗin ganin gida tun ba ku isa ba, ya buɗe ƙofa ya ce "ga shi nan Malam, sabon fenti, kuma wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi bayan la'asar", kai kuma ga matsi, ko an ba ka notis a inda kake ko biki ya matso dangin amarya suna ta tambayar inda za a yi jere, sai ka leƙa ɗaki ka leƙa banɗaki ko minti biyar ba ka yi ba ka ce ya yi. Ka zube kuɗin shekara, ka ƙara da la'ada. To daga wannan lokacin bakinka ya mutu. Duk ƙarfin da ɗan haya yake da shi a kan mai gida yana nan ne a lokacin da kuɗin ke aljihunsa, da zarar alat ya shiga wayar Alhaji sai dai ka koma roƙo, "za a gyara in sha Allah" har shekara ta zagayo.

Shi ya sa nake ganin duba gida ya kamata a yi shi da idon mai neman lafiya, ba idon mai neman inda kujeru za su shiga kawai ba. Tarin da yaro yake yi duk dare, gudawar da take zagayowa duk damina, maleriya sau uku sau huɗu a shekara, ciwon kan da uwargida take tashi da shi, da yawa daga ciki ginin ne yake kawo su, amma ba wanda yake lissafa kuɗin allura da ƙarin ruwa a cikin kuɗin haya.

Kuma abin ba daidai yake faɗa wa kowa ba. Tun zamanin Turawa aka raba garin, dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Gwamna Lugga ta tanadi a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da inda 'yan ƙasa suke zaune, wai don kada sauro ya kwaso musu cuta daga wajenmu. Yau Turawan mulki sun tafi sun bar Nasarawa GRA, tsohuwar unguwarsu a Kano, amma manyan filaye da bishiyoyi da faɗin titi suna nan, ka kwatanta da lungunan Kurna ko Rimin Kebe ko wasu sassan Dorayi da aka yanka da awon igiya, inda wani lungun ko motar kwasar masai ba ta iya shiga. Mai albashin naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, ko ɗan kasuwar da jarinsa bai taka kara ya karya ba, ba shi da zaɓi mai yawa, na sani. Amma ko a lungu ɗaya za ka samu gidaje biyu kuɗinsu ɗaya, ɗaya ana zaune lafiya ɗaya kullum ana hanyar asibiti. Wannan bambancin shi za ka koyi ganewa.

Ka je sau biyu, kuma ba lokacin da dillali ya zaɓa ba

Dillali ya fi son ya kai ka da hantsi, gari da sanyi-sanyi, maza sun fita yara suna makaranta, gidan shiru. Ka koma kai kaɗai wajen ƙarfe biyu na rana ka shiga ɗakin ka rufe ƙofa ka tsaya minti goma, abin da ka ji a jikinka shi iyalinka za su riƙa ji kullum. Sannan ka sake komawa bayan magariba, lokacin ne za ka ga mutum nawa ne ainihin suke kwana a gidan, layin banɗaki ya yake, janareto nawa ake tayarwa kuma a ina ake ajiye su, sauro ya yake. In da hali ka tafi da matarka ko wata 'yar'uwarka, don ita ce za ta wuni a ciki, kai da safe za ka fice sai dare. Kuma ita za ta iya shiga wajen matan gidan ta zauna su gaisa ta ce "Yaya, ya ruwa a nan? in an yi ruwan sama yana shigowa ɗaki?" su kuwa za su faɗa mata abin da dillali ba zai taɓa faɗa ba. Kai ma ka tsaya wajen mai shago ko mai shayin bakin layi ka tambaya me ya tayar da wanda ya bar ɗakin. In ka ji an ce kowa shekara ɗaya yake yi ya tashi, ka san da dalili.

In damina ce ka yi sa'a, ka je washegarin da aka yi ruwa mai ƙarfi. In rani ne sai dai ka karanta bango.

Bango da daɓe

Sabon fenti shi ne babban abin zargi, musamman in ka ga daga ƙasa zuwa gwiwa kawai aka fi lafta shi. Ka sa tafin hannu a jikin bangon ƙasa-ƙasa, ka ji ko da sanyi, ka ƙwanƙwasa ka ji ko filasta ta saki tana amsawa kamar ba komai a ciki, ka duba ko akwai wani farin gari mai kama da gishiri yana fitowa ko fenti yana kumbura yana ɓarewa. Duk wannan danshi ne yake hawowa daga ƙasa, yawanci don lokacin gini an yi ƙoron siminti ba a yi jamin fulo, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan tushe, mai kyau ba. Ka leƙa bayan ƙofa da kusurwoyi da saman silin ko akwai baƙin tabo na fumfuna. Hancinka ma ya isa, ɗakin da ke da danshi yana da wani wari na tsohon tsumma da turaren wuta ba ya iya ɓoyewa, in ka shiga ka tarar an turara ɗakin da ba kowa a ciki to ka tambayi kanka me ake rufewa. Fumfuna tana tayar da asma, tana sa yara tari da mura da ba ta ƙarewa, kuma katifa da kayan sawa duk sai sun ɗauka.

Sai ka fito waje ka kwatanta tsayin daɓen ɗakin da na lungu. A tsofaffin unguwanni titi yana ta hawa saboda ciko, gidaje suna ta nutsewa, za ka ga sai an sauka taki ɗaya ko biyu kafin a shiga gida kuma an gina wata 'yar katanga a bakin ƙofa don tare ruwa. Wannan katangar shaida ce, ba wanda yake gina ta don ado. Ka duba bangon waje ko akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa. Kuma ka tambayi dattijan layin kai tsaye, "Baba, nan wajen da can kududdufi ne?" domin kududdufai da yawa a Kano da shara aka cike su aka yanka aka sayar aka yi gini a kai, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba, duk marka sai ya dawo. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ya faru a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, wannan babba ce ba kullum ake yin irinta ba, wadda ta fi cin mutane a hankali ita ce ƙaramar ambaliyar da take haɗa ruwan kwata da na masai ta shigo tsakar gida duk shekara yara suna wasa a ciki.

Tsagewar bango kuma, siririya ta filasta ba matsala ba ce, amma wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, har kana iya zura yatsa ko kana hango haske, ka bar gidan nan ko kyauta ne. In ginin ƙasa ne da aka yi wa rigar siminti ka duba gindin katanga da inda indararo yake zubarwa.

Iska, wadda ita ce aka fi rainawa

A nan zan ɗan daɗe don nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ɗaki yana bukatar taga biyu a bango daban-daban, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Taga ɗaya da ƙofa a bango ɗaya, kamar yadda ake yi a yawancin gidajen yawa da ɗakuna ke kallon juna, iskar ba ta zagayawa. Wani ɗakin kuma za ka ga akwai taga ta baya amma kana buɗewa katangar maƙwabci ce ko kamu ɗaya ba ta kai ba tsakani, ko kuma ta buɗe a kan lambatu, to wannan sunanta taga kawai. Masu zanen gini sukan ce faɗin tagogi ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki, ba sai ka zo da tef ba, ido zai gaya maka. Gwaji mai sauƙi, da rana tsaka ba tare da kunna fitila ba za ka iya karanta rubutu a tsakiyar ɗakin? In ba za ka iya ba, rana ba ta shiga.

Dalilin damuwa da wannan shi ne cututtukan da ake shaƙa. Tarin fuka, wato tibi, ƙwayarsa tana iya yin sa'o'i tana yawo a iskar ɗakin da yake rufe kuma duhu, hasken rana da iska su suke kashe ta su kore ta, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta. Ba a jikin bango take zama ba, don haka in an ce maka wanda ya tashi daga ɗakin yana tari ba sai ka gudu ba, ka buɗe ko'ina iska ta ratsa. Abin tsoron shi ne kwana tare a ɗaki marar iska da mai tarin da bai fara shan magani ba. Duk wanda ya yi sati biyu yana tari a gidan a lallaɓa shi ya je a gwada, gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen tibi, wata shida ake sha.

Sai sanƙarau. Mutane suna cewa zafi ne yake kawo shi, a'a ƙwayar cuta ce da take bi ta numfashi da tari, ƙura da bushewar iska suna raunata maƙogwaro su buɗe mata hanya, cunkoso kuma ya raba ta ga kowa, shi ya sa take tashi daga hunturu zuwa bazara ta lafa in ruwa ya sauka. A 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan kuma Kano tana cikin inda abin ya fi muni, a 2017 ta sake tashi daga Zamfara ta kashe sama da 1,000. Mashaƙo ma da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 ta numfashi yake bi. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa ɗaki a matsayin mai cunkoso in sama da mutum uku ne suke kwana a ciki, ka ga kenan da wannan ma'aunin rabin gidajen da muka sani sun faɗi, miji da mata da yara biyar a ciki da falo, ko samari shida a shago ɗaya a ƙofar gida. Ba zan ce ka kama ɗaki uku ba alhali kuɗin ɗaya gare ka. Abin da zan ce shi ne in dole ne a cunkushe, to a cunkushe a ɗakin da iska take ratsawa, kuma katin rigakafin yara ya zama a cike. Tsakanin ɗaki mai tayil da taga ɗaya da ɗaki mai daɓen siminti da taga biyu, ni na biyun zan ɗauka ko da amarya za ta ɓata rai.

Ka ɗaga kai ka dubi rufi. Kwano ba silin a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, jariri da tsoho da mai hawan jini da mai ciki su suke fara jigata. In akwai silin ka nemi tabon yoyo, zagayayyen tabo mai ruwan ƙasa. In tsohon silin asbesto ne kuma lafiyarsa lau a bar shi yadda yake, haɗarinsa yana cikin ƙurarsa in ana fasa shi ko huda shi.

Ruwa da masai, ka duba su tare

In aka ce maka "akwai rijiya a gidan" kar ka yi murna tukuna, ka tambaya ina ramin masai ko sokawe yake. Ƙa'idar da masana tsafta suke bayarwa ita ce mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, kusan ƙafa 100 kenan. To filin da gaba ɗayansa ƙafa 50 ne ko ma rabin haka, ta ina za a samu ƙafa 100? Kuma ba masan gidanku kaɗai ba, na maƙwabci da ke bayan katanga ma lissafi ne, ƙasa ba ta san iyakar fuloti ba. Saboda haka a irin waɗannan unguwanni ka ɗauka ruwan rijiya na wanki ne da wanka, ko da ya fito garau ba wari. Ka duba ko bakin rijiyar an ɗaga shi an yi masa murfi, ko guga a ƙasa ake yar da shi. Kwalara da taifot ta nan suke shigowa, a 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa suna sahun gaba.

In ba ruwa a gidan sai na 'yan garuwa, to ka zauna ka yi lissafi kafin ka ce gidan yana da araha. Mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da 'yar tsafta, gida mai mutum shida lita 120 kenan, kusan jarka biyar. A ce misali jarka naira 100 ce a unguwar, ka ninka sau biyar sau kwana 365, ya kama 182,500 a shekara, wani wajen ya fi kuɗin hayar kanta. Sau da yawa gidan da ya ɗan fi tsada amma akwai bohol a kusa ko famfo yana zuwa shi ne mai arahar gaske. Ga kuma abin da ba a faɗa, in ruwa ya yi tsada wanke hannu da wanke banɗaki ake fara ragewa.

Banɗakin kansa ka shiga ciki, kar ka tsaya daga bakin ƙofa kana jin kunya. Ɗaki nawa ne suke amfani da shi, akwai murfi a bakin ramin, daɓen ya tsage ko yana motsi in ka taka, ramin ya kusa cika? Tsohon masai da daɓensa ya rube yana iya ruftawa da mutum. In na zamani ne mai ruwa ka zuba bokiti guda ka ga ko yana wucewa ko yana dawowa, ka zagaya ka ga murfin sokawe. Ka tambaya yaushe aka kwashe na ƙarshe kuma wa ya biya, amsar wannan tambayar kaɗai za ta nuna maka irin mai gidan da za ka zauna da shi.

Ɓera, sauro da sauransu

Ka duba ƙasan ƙofa ko akwai ratar da ɓera zai wuce, da ramuka a kusurwa, da kashinsa a kicin ko saman silin. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani. Gidan da ke jikin bola ko kusa da inda ake ajiye hatsi sai an yi da gaske. Rami ana toshe shi da siminti, abinci a zuba a roba mai murfi, wannan mai sauƙi ne. Kuɗin cizo kuwa ka haska fitilar waya cikin tsagar bango da jikin katakon ƙofa, in ka ga ɗigo-ɗigon baƙi suna nan, kuma fitar da su aiki ne.

Sauro, ka duba raga a tagogi da inda ruwa yake kwanciya, tsohuwar taya, ramin da aka ɗebi ƙasa, ginin da aka fara aka bari. Cikin sati ɗaya zuwa biyu ƙwai yake zama sauro. Raga dai ko mai gida bai sa ba kai ka sa, kuɗinta bai kai jinyar maleriya ɗaya ba. Roƙona ɗaya, kar a yi feshin fiya-fiya ko Sniper a rufe ɗaki a kwana a ciki, kuma ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake ko masara kada a kuskura a ajiye buhun a ɗakin da ake kwana, iskar da take fitarwa tana kisa.

Hayaƙi

Ka tambaya a ina ake girki. In a cikin ɗaki ne ko a wani lungu marar taga, da gawayi ko itace ko risho, to uwargida da yaron da ke bayanta su za su shaƙa, kuma nimoniyar yara tana da alaƙa da wannan. Mafi haɗari shi ne janareto. Iskar da take kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, mutane suna barci take ɗauke su, an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki a yi ta cewa guba aka sa musu a abinci ko aljanu ne. Ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 6 daga kowace taga ko ƙofa, a fili, ba a soro ba, ba a baranda ba, ba a ƙarƙashin bene ba. A gidan yawa ba naka ne kaɗai matsala ba, in maƙwabci a gindin tagarka yake ajiye nasa don tsoron ɓarayi ka san wannan tun kafin ka shiga. Haka kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi a rufe ƙofa, musamman ɗakin mai jego. In kuka ga duk 'yan ɗaki sun tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, kuma in an fita waje ana jin sauƙi, ku fice ku buɗe ko'ina ku tafi asibiti.

Wayoyin wuta ma ka kalle su, soket da ya yi baƙi, waya tsirara da aka naɗe da leda, ko gidan da ke ƙarƙashin babban layin wuta. Ka tambaya mita ɗaya ce ake karo-karo ko kowa da tasa, kuma akwai tsohon bashi a kanta?

Yanzu sai ciniki

Da wuya ka samu gidan da ya tsallake duk wannan, don haka ka raba matsalolin gida biyu. Akwai waɗanda kuɗi kaɗan ke gyarawa, raga, murfin rijiya, murfin masai, toshe rami, yoyon kwano, har fasa taga ta biyu in akwai fili a baya. Akwai waɗanda ba sa gyaruwa, gidan da ke cikin kwari, danshin da ke hawowa daga tushe, bangon da ya tsage, ɗakin da katangu suka kewaye ta ko'ina. Na farko ka yi ciniki a kansu, na biyu ka yi sallama ka tafi ko dillali zai ce ka cika iyayi.

Ka nemi ganin mai gidan da kansa, ba dillali kaɗai ba, kuma in gidan gado ne ka tabbatar wanda zai karɓi kuɗin magada sun wakilta shi, kar wata uku wani ya zo ya ce za a raba gado an sa gidan a kasuwa. Ka yi magana da ladabi amma a fili: "Alhaji, gidan ya yi min, sai dai kwanon ɗakin ciki yana yoyo kuma masai ya kusa cika, ko a gyara kafin in biya, ko in gyara a cire a cikin kuɗin." In ya ce ka biya tukuna za a yi, ka ce to a riƙe wani abu daga ciki sai an gama. Mai gidan da ya fusata don ka faɗi wannan, ka ga halinsa tun da wuri kuma a kyauta.

Duk abin da aka amince a rubuta, da shaidu biyu, in da hali mai unguwa ya sani. Wasu suna jin nauyin cewa a rubuta wai kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu. A takardar a sa ranar shiga da ranar ƙarewa, wa ke kwashe masai, wa ke gyaran rufi da famfo, yadda za a cire kuɗin gyara, da wa'adin da za a ba ka kafin ƙarin kuɗi ko tashi. A dokar Abuja da ta Legas mai biyan shekara-shekara wata shida ake ba shi notis, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban, don haka ka karanta abin da kake sa wa hannu, kuma ka tambayi lauya ko ofishin Legal Aid, masu taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, yadda dokar jiharku take. Ko a ina ne dai kotu ce take fitar da ɗan haya, mai gida ba shi da hurumin cire maka ƙofa ko kwano ko watso maka kaya waje. Ka biya ta banki ka karɓi rasit, ka ɗauki hoto da bidiyon ko'ina ranar da aka ba ka makulli.

In kuma ka riga ka shiga kana karanta wannan kana cewa ai ni nawa gidan duk ya haɗa, to ba a rasa abin yi. Gado da katifa a janye su daga jikin bango mai danshi, a riƙa fitar da katifa rana, taga ta kwana a buɗe in akwai raga da ƙarfe, labule mai kauri a ɗage shi da rana. Ruwan sha a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin irin WaterGuard yadda aka rubuta a jiki, a zuba a abu mai ƙaramin baki ba randar da kowa ke tsoma moɗa ba. A ajiye ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, a gida, in babu a haɗa lita ɗaya na ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba mai gudawa ana hanyar asibiti. In masu rabon maganin rigakafin maleriya na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka zo da damina a buɗe musu ƙofa.

Maganar gyara kuma kada ka je wa mai gida kai kaɗai, wanda ya je shi kaɗai ne ake ce wa "in ba ka so ka tashi akwai masu jira". Ku haɗu duk 'yan hayan gidan ku rubuta abin da ya lalace ku je tare, kuma ku je lokacin da biyan kuɗi ya kusa, wata biyu kafin haya ta ƙare, don lokacin ne kunnensa yake buɗe. In ya ƙi, a kai wa mai unguwa, in masai ne yake malala ko sokawe ya fashe yana shiga lungu akwai duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, aikinsu ne su zo su gani su ba mai gida takardar gyara da wa'adi, kuma maƙwabtan da abin yake shafa su ma su sa hannu a ƙorafin don kar a ce ɗan haya ne kawai yake neman rigima.